Jirgin sama marar inji: wuni guda tare da masu shawagi a ƙasar Jamus

Idan aka ce wa mutum akwai jirgin saman da ke tashi ba inji, ba ɗigon mai a cikinsa, ya yi awa biyar a sararin samaniya sa'annan ya dawo ya sauka daidai inda ya tashi, abu na farko da zai ce shi ne an soma tatsuniya da rana tsaka. To amma abin yana nan, kuma ya haura shekara 100 ana yin sa. Faransawa suna kiran wannan jirgi planeur, Jamusawa kuma Segelflugzeug, mu dai a nan za mu kira shi jirgin shawagi, domin kuwa abin da yake yi ke nan, irin shawagin da shirwa ke yi bisa mahauta ba tare da ta kaɗa fiffike ba.

Albarkacin wani horo da aka shirya wa ma'aikatan gidajen radiyon karkara a ƙasar Jamus, mun samu damar yin wunin Asabar cur a filin wata ƙaramar ƙungiyar masu shawagi da ke bayan wani ƙauye cikin jihar Hesen, ba nisa da tsaunukan Ron. Ƙasar Jamus ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan wasa, kuma akasarinsu ba attajirai ba ne kamar yadda mutum zai yi zato. Ƙungiyoyi ne na sa kai, ɗaruruwa, kowace da filinta na ciyawa da rumfar ajiye jirage, suna aiki ranakun Asabar da Lahadi tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba.

Ƙarfe tara na safe aka buɗe ƙofar rumfar. Jirage bakwai ne a ciki, an cusa su fiffike bisa fiffike kamar yadda mai kaji ke shirya kaji cikin akurki, kuma sai da mutum shida suka yi kusan rabin awa kafin su fito da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya gogi wani ba. A cikin masu turin akwai likita, akwai makanikin mota, akwai wani tsoho da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, akwai kuma ƴan makaranta maza da mata waɗanda ba su wuce shekara 15 ko 16 ba. Babu ma'aikaci ko ɗaya da ake biya albashi, har malaman da ke koyar da tuƙi kyauta suke yi. Dokar wurin ita ce duk mai son ya tashi ya zo tun da safe a fito da jirage da shi, kuma ba zai tafi gida ba sai an mayar da su da yamma, ko da tashinsa duka na minti shida ne. Dalili kuwa a fili yake: kafin mutum ɗaya ya tashi sai aƙalla mutum huɗu ko biyar sun tsaya masa a ƙasa. Aikin gayya ne sosai, irin wanda muka sani a gonakinmu, sai dai su nasu rubuce yake cikin littafi, wa ya zo, wa ya yi mi.

Jirgin da ake koyo da shi, wanda kuma ake ɗaukar baƙi, sunansa ASK 21. Kamfanin Alexander Schleicher ne ke ƙera shi a garin Poppenhausen, kamfanin da aka kafa tun 1927. Mazauni biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane da sandar tuƙi da matakan ƙafa. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan mita 17 ne, amma nauyinsa duka wajen kilo 360, wato bai kai rabin ƙaramar mota ba. Fari ne fat, sumul kamar ƙwai, an yi shi da zaren gilashi da aka daskarar da wani irin ƙaro. Kafin a taɓa shi sai malami ya zagaya shi da hannu da ido, ya girgiza fukafukai, ya duba kowace mahaɗa, ya sa wani ya riƙe jelar yayin da shi ke motsa sanda a ciki don a tabbatar kowane sashe yana amsawa. Wannan dubawa kullum ake yin ta, ko da jiya lafiya lau aka ajiye shi.

Yadda ake harba shi

Tun da ba inji, dole wani abu ya ɗaga shi. Hanya biyu aka fi bi. Ko dai ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya ya kai shi sama ya sake shi, ko kuma a harba shi da injin naɗe waya, wanda shi ne mai arha kuma shi ne wannan ƙungiya ke aiki da shi. A can ƙarshen fili, nisan sama da kilomita ɗaya, an girke wata tsohuwar babbar mota mai ɗauke da inji mai ƙarfi da ganguna biyu da aka naɗe doguwar igiya a jikinsu. Wata tsohuwar mota ƙarama ce ke jawo bakin igiyar zuwa wurin jirage. Jamusawa masu shawagi suna kiran irin wannan mota Lepo, wato sunan motar Opel ne aka karanta daga baya, saboda a da tsofaffin Opel aka fi sa wa wannan aiki. Wani yaro da bai isa samun takardar tuƙin mota a kan titi ba shi ne ya wuni yana kai da kawowa da ita cikin fili.

Idan matuƙi ya shiga ya ɗaure, ya rufe murfin gilashi, sai wani ya durƙusa ya maƙala zoben igiyar a wata ƙugiya da ke ƙarƙashin cikin jirgin. Wani kuma ya ɗaga bakin fiffike ya daidaita shi, don jirgin a kan ƙafa ɗaya yake tsaye ta tsakiya, in ba a riƙe shi ba sai ya kwanta gefe. Mai kula da tashi yana riƙe da waya yana magana da mai injin: ja a hankali, igiya ta miƙe, ja da ƙarfi. Abin da ke biyo baya sai wanda ya gani. Cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu jirgin ya kai gudun kilomita 100 a awa, mai riƙe da fiffike bai yi taku biyar ba ya saki, jirgin ya ɗaga hanci ya kama hawa kamar ana jan guga daga rijiya. Kafin minti ɗaya ya cika yana bisa mita 400, igiyar ta saki da kanta ta faɗo da ƴar laimarta.

A nan ne haɗari mafi girma yake, kuma ba su ɓoye mana ba. Igiya tana iya tsinkewa, ma da gangan aka sa mata wani ɗan ƙarfe mai rauni wanda zai karye in jan ya yi yawa, don gara igiya ta tsinke da fiffike ya karye. Idan hakan ta faru jirgin yana kallon sama, matuƙi yana da daƙiƙa biyu ko uku ya dunƙufar da hancin ƙasa ya samu gudu, in ya yi jinkiri iska ta daina riƙe fukafukan, jirgin ya faɗo. Shi ya sa malamai ke sakin igiya da gangan ba tare da sun gaya wa ɗalibi ba, a ƙasa-ƙasa, a tsakiya, a can sama, har sai hannunsa ya saba yin abin da ya kamata kafin kansa ya yi tunani. A gabanmu aka yi wa wata yarinya haka. Jirgin bai wuce tsayin bishiyar kuka uku ba muka ga igiya ta faɗo, gabanmu ya faɗi, amma ita ta sunkuyar da jirgin ta sauka gaba a cikin filin salin alin. Ƴan uwanta suka bi ta da gudu suka turo jirgin, ba wanda ya tafa mata, ba wanda ya ce komi, aka sa ta layi ta sake.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na rana layi ya zo kanmu. Da gangan malamin ya jinkirta, ya ce da safe sama ba ta da abin ba mu, tashi ne da sauka kawai. Aka tambaye mu nauyinmu, domin wanda ke gaba in bai kai kilo 70 ba har da laimar sauka sai an ƙara masa dalma, in ba haka ba jirgin ba ya daidaita. Aka goya mana laimar a baya, aka nuna mana hannun da za mu ja in ta ɓaci, aka kuma nuna mana wani ƙulli mai launin rawaya, na sakin igiya, da wani jan hannu na jefar da murfi, aka ce waɗannan biyu ko da wasa kada mu taɓa. Baƙo a gaba yake zama, malami a baya. Muka yi addu'ar da za mu yi.

Harbawar kanta ba mu iya ba da labarinta da kyau ba, don ƙafafunmu sun fi kanmu tsayi, ba ma ganin komi sai shuɗin sama. Da igiya ta saki sai jirgin ya kwanta, komi ya lafa. Mutane sukan ce shiru ne a cikin jirgin shawagi, amma ba shiru ba ne sosai, akwai huci na iska kamar mutum na tsaye gefen gonar gero da hantsi, sai dai kana iya magana da na bayanka ba ɗaga murya. Gudunmu wajen kilomita 90 a awa. A gabanmu akwai agogon tsayi, agogon gudu, da wani agogo na uku wanda shi ne ran wannan wasa, mai nuna ko jirgi hawa yake ko sauka, da mita nawa cikin daƙiƙa. Yana da murya: in ana sauka ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, in ana hawa ya kama kuka tsit-tsit-tsit kamar ɗan tsako. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wani guntun zaren ulu ja da aka manna a bayan gilashi da salatif. Jirgin miliyoyin kuɗi, amma wannan zare shi ke gaya wa matuƙi ko jirginsa yana tafiya daidai cikin iska ko yana zamewa gefe.

Jirgin shawagi kullum sauka yake yi a hankali cikin iskar da yake ciki. ASK 21 in ya rasa mita ɗaya na tsayi yana cin mita 34 na tafiya gaba, wato daga bisa kilomita ɗaya, in iska na kwance, zai iya yin kusan tafiyar Yamai zuwa Kollo kafin ya taɓa ƙasa. Dabarar duka ita ce a samu iskar da ke hawa da sauri fiye da yadda jirgin ke sauka. Rana tana dafa ƙasa, ƙasa tana dafa iskar da ke kanta, iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi sai ta ɓalle ta yi sama kamar hayaƙi. Ba ko'ina take ɓallewa daidai ba: gonar da aka huɗa, rufin gidajen gari, dutse, fili mai kwalta sun fi kurmi da tabki saurin ɗaukar zafi. Tana hawa tana hucewa, wajen digiri ɗaya kowace mita 100, har ta kai inda laimar da ke cikinta za ta zama gajimare. Waɗannan fararen gizagizai masu kama da tarin auduga, masu shimfiɗaɗɗen ƙasa, kowane ɗaya hula ce bisa kan ginshiƙin iska mai hawa. Mu a Sahel muna ganin ginshiƙin da idonmu, don guguwar da ke murɗa ƙura da kara a cikin bazara ɗiyar wannan iska ce.

Mun sauko har mita 300, agogo na ta gurnani, muna ganin malamin ya fara karkata wajen fili, sai muka ji kamar an tokari jirgin daga ƙasa ta fiffiken dama. Nan take ya kwantar da jirgin dama ya shiga zagaye. Agogo ya soma kuka, mita ɗaya, mita biyu, har biyu da rabi cikin daƙiƙa. Ƙauyen da hasumiyar cocinsa suka riƙa juyawa a ƙarƙashin fiffike suna ƙanƙancewa. A zagaye na biyar ko na shida sai ga wani shaho mai ruwan ƙasa a gefenmu, bai fi mita 30 ba, fukafukai a buɗe, shi ma yana zagayen cikin iska ɗaya da mu. Ya dube mu, bai damu ba, ya matse zagayensa ya wuce mu sama. Malamin ya ce in ka ga tsuntsu na zagaye ka bar abin da agogo ke gaya maka ka je wurinsa. Cikin minti goma muka kai mita 1,400, dab da ƙasan gajimare, inda sanyi ya fara shigowa ta ƴar tagar gefe. Doka ta hana shiga cikin gajimaren, sai muka miƙe zuwa na gaba.

Gaskiya ita ce zagayen yana juya ciki. Ba banza ba aka soke wata takardar leda a aljihun gefe. Da muka cika minti 40 mu da kanmu muka roƙi a sauka. Saukar kuwa ba a yin ta sau biyu, don babu injin da zai sake ɗaga ka in ka kuskure. Daga wajen mita 200 matuƙi ya daina neman iska, ya bi gefen fili, ya juya sau biyu, sa'annan ya ja wani hannu mai launin shuɗi wanda ke fito da wasu alluna bisa fukafukai suna karya ƙarfin ɗagawar. Ƙafa ta taɓa ciyawa, muka gangara, jirgin ya tsaya ya kwantar da fiffike ɗaya. Kafin mu gama kwance ɗamara yara uku sun iso, kuma ba a ce mana sannu da sauka ba sai da aka nuna mana inda za mu sa hannu mu tura.

Daga tsuntsu zuwa yaƙi

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni Bajamushe ne, Otto Lilienthal, injiniya wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda farar shamuwar Turai ke tashi. Tsakanin 1891 da 1896 ya yi tsalle sama da sau 2,000 daga bisa tuddai da fukafukan da ya ƙera da itace da yadi, har ranar da iska ta kayar da shi cikin watan Agusta na 1896 ya karye a wuya ya mutu washegari. Ƴan uwan nan biyu na Amurka, Wright, sun karanta aikinsa, kuma sai da suka yi shekara uku suna gwaji da jirage marasa inji kafin su ɗora inji a 1903. Ita kuwa shamuwar da ta koya masa, baƙuwarmu ce: da yawa daga cikinsu a Sahel suke cin rani, kuma suna bi ta mashigin Jibraltar ko ta Turkiyya ne maimakon su ratsa tsakiyar teku, saboda iska mai hawa ba ta tashi bisa ruwa. A 1822 an harbo wata a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Abin da ya mayar da shawagi wasan ƙasa a Jamus kuwa shan kaye ne. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, ta kuma ɗaure mata hannu wajen ƙera masu inji. Sai matasa da tsofaffin matuƙan yaƙi suka koma bisa dutsen Wasserkuppe, mai tsayin mita 950, wanda bai kai rabin dutsen Bagzan na ƙasar Ayar ba, suka fara gasa a 1920. A lokacin da igiyar roba ake harba jirgi, mutane su ja da gudu su gangara tudu kamar yara na harba gwafa. A 1922 Arthur Martens ya yi awa ɗaya a sama, abin da ya girgiza duniya, kuma a 1924 aka buɗe makarantar koyon shawagi a wurin, wadda har yanzu tana aiki. Akwai gidan tarihi na jiragen shawagi bisa dutsen.

Tarihin yana da baƙin shafi, kuma dattawan ƙungiyar ba su yi mana kwana-kwana a kansa ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933 gwamnatinsa ta mamaye ƙungiyoyin shawagi ta mayar da su wurin tarbiyyar yaran da za su tuƙa jiragen yaƙi. A watan Mayu na 1940 da jiragen shawagi sojan Jamus suka sauka ba ƙara bisa ganuwar Eben-Emael ta ƙasar Beljiyam suka kame ta. Ɗaya daga cikin taurarin wancan zamani, Hanna Reitsch, mai gwajin jiragen yaƙi wadda ta kasance kusa da Hitler har kwanakinsa na ƙarshe, ita ce daga baya shugaba Kwame Nkrumah ya gayyato Gana. A 1962 ta kafa makarantar shawagi a Afienya, kusa da Tema, inda matasan Gana suka koyi tuƙi. Nkrumah yana ganin wasan zai gina ɗa'a da ƙarfin zuciya a cikin samari. Da soja suka hamɓarar da shi a watan Fabrairu na 1966 aka sallami matar, makarantar ta bi ubangidanta. Abin da Gana ke da shi yanzu mai kama da wannan shi ne bikin shawagi da laima da aka soma a 2005 a tsaunin Kwahu lokacin Ista, inda ake tashi daga dutsen Odweanoma a sauka a filin ƙwallon Nkawkaw.

Da la'asar waya ta buga a teburin mai kula da tashi. Ɗaya daga cikin matuƙa uku da suka tafi doguwar tafiya tun ƙarfe sha ɗaya, iska ta ƙare masa ya sauka a gonar wani manomi, nisan wajen kilomita 60. Mu mun ɗauka mummunan labari ne, sai muka ga ana dariya. Sauka a gona ba haɗari ba ne a wurinsu, darasi ne da ake koyarwa: yadda za ka zaɓi gonar da aka girbe, ka duba wayoyin lantarki da gangaren ƙasa da inda iska ke fitowa tun kana sama. Mutum uku suka ɗaura wata doguwar tirela a bayan mota suka tafi. Fukafukan zarewa ake yi, cikin minti 20 an loda jirgin. Al'ada ita ce wanda aka ɗauko shi ke sayen abincin dare na waɗanda suka ɗauko shi.

Irin nisan da ake ci da waɗannan jirage yana da wuyar gaskatawa. Lambar yabo ta azurfa, wadda kowane sabon matuƙi ke buri, tana bukatar tafiyar kilomita 50, zaman awa biyar a sama, da hawan mita 1,000. A watan Afrilu na 1972 Hans-Werner Grosse ya tashi daga Lubek a arewacin Jamus ya sauka Biyariz a kudancin Faransa, kilomita 1,460, abin da ya fi hanyar mota daga Yamai zuwa Difa. A watan Janairu na 2003 Klaus Ohlmann ya yi sama da kilomita 3,000 cikin wuni ɗaya a ƙasar Ajantina, yana hawa igiyar iskar da ke tasowa idan guguwa mai ƙarfi ta tsallake tsaunukan Andes. A can ne kuma cikin Satumba na 2018 jirgin Perlan 2 ya kai tsayin sama da mita 23,000, ninki biyu na inda jiragen fasinja ke bi.

Mun tambayi wata uwa da ta kawo ɗanta, yadda zuciyarta ke ɗauka. A Jamus yaro mai shekara 14 doka ta yarda ya tashi shi kaɗai in malamai biyu sun gamsu da shi, yawanci bayan harbawa 50 zuwa 100 tare da malami, ya kuma samu takardar tuƙi yana da 16, alhali bai isa tuƙa mota shi kaɗai ba sai ya kai 18. Ta ce tsoro kam tana ji, kuma ranar da ya fara tashi shi kaɗai ba ta iya kallo ba, amma ta fi sanin inda yake ranar Asabar fiye da iyayen abokansa. Ana mutuwa a wannan wasa, kusan kowace shekara ana samun haɗari a Jamus, mafi yawa wajen harbawa, ko juyawa ƙasa-ƙasa da ƙarancin gudu, ko karo tsakanin jirage biyu da ke zagaye ƙarƙashin gajimare ɗaya. Saboda karon ne aka yi dokar cewa wanda ya fara shiga iska shi ke zaɓen hannun da za a zagaya, kowa ya bi shi. Tun 2004 kuma wasu matuƙa ƴan ƙasar Suwis suka ƙirƙiro wata ƴar na'ura mai suna FLARM da ke yin ƙara in wani jirgi ya nufo ka, yanzu da wuya ka ga jirgin shawagi a Turai babu ita.

Amfanin horon ya wuce wasa. A watan Yuli na 1983 mai ya ƙare wa wani babban jirgin fasinja Boeing 767 a sararin Kanada, matuƙinsa Bob Pearson, wanda ya san shawagi, ya lallaɓa da shi ba inji ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli, ba wanda ya mutu. Haka ma Chesley Sullenberger da ya sauke jirgi bisa kogin Hudson na Niyok a watan Janairu na 2009, bayan tsuntsaye sun kashe masa inji biyu, ya koyi shawagi tun yana samari.

Batun kuɗi fa? Sabon jirgi mai mazauni biyu ya haura Euro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa, ba abin da mutum ɗaya zai saya don nishaɗi ba ne. Amma jirgin na ƙungiya ne, yana kuma yin shekara 30 ko 40 yana aiki in ana kula da shi. Kuɗin harbawa ɗaya ga ɗan ƙungiya bai kai na cin abincin rana a gidan abinci na garin ba. A ganinmu abin da ya fi kuɗin wuyar samu shi ne mutum 40 da za su yarda su riƙe dukiya ɗaya tsakaninsu shekara da shekaru, ba wanda ya ce tasa ce, ba wanda ya sayar da taya.

Maganar sama kuwa, tamu ba ta gaza tasu ba, ta ma fi. Matuƙan Turai da kansu in sanyi ya rufe su sukan loda jiragensu cikin kwantena su tafi Bitterwasser a bakin hamadar Kalahari ta ƙasar Namibiya, daga Nuwamba zuwa Janairu, inda zafin ƙasa ke ba su tafiyar kilomita 1,000 a wuni, kuma al'adar wurin ce a dasa bishiya don tunawa da manyan tafiye-tafiye. Mu namu cikas ɗin su ne ƙurar hunturu da ke rufe ido, da hadarin damina wanda zai iya haɗiye jirgi ya karya shi, ga kuma halin tsaro da ya sa ba kowane abu ne hukuma za ta bari ya yi yawo a sama ba. Gwanayen shawagi na asali dai namu ne. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin fasinja ya yi karo da mikiya a sararin Abijan a tsayin mita 11,300, mafi tsayin da aka taɓa tabbatar wa tsuntsu. Sai dai tun 2015 an sa wannan mikiya da ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu farautarsu don magani. Duk wanda ya haura shekara 40 a Maraɗi ko Damagaram zai iya ƙirga da kansa ungulu nawa yake gani yau bisa kasuwa.

Ƙarfe bakwai, rana na nan tsaye kamar la'asar ɗinmu, aka rufe tashi. Littafin ranar ya nuna harbawa 41. Kowa ya ɗauki bokiti da soso aka wanke gaban fukafukai, don gawar ƙananan ƙwari da ke manne a wurin tana rage wa jirgi tafiya. Aka ciro batura aka sa caji, aka kai laimomi ɗaki mai bushewa, aka sake cusa jiragen cikin rumfa bisa tsarin da aka zana da fenti a ƙasa. Masu tirela ba su iso ba sai bayan ƙarfe tara. A jikin ƙofar rumfar an liƙa takardar aikin sanyi: daga Nuwamba zuwa Maris ba a tashi, ana kwance jirage ne a goge a gyara, kuma kowane ɗan ƙungiya akwai adadin awoyin da zai yi a ɗakin gyara. Wanda bai cika nasa ba, sai ya biya kuɗin awoyin da suka rage kafin a rubuta sunansa a layin tashi na watan Afrilu.